Wuta ta ɗauke, VM ya ƙi tashi: yadda za ka ceto shi ba tare da ka ƙarasa shi ba

Idan wuta ta ɗauke kana tsaka da aiki, da ta dawo ka kunna kwamfuta ita ta tashi lafiya ƙalau amma VM ɗin da ke cikinta, wato kwamfutar manhaja da ke gudana a cikin ta gaske (virtual machine), ya ƙi motsi, toh abin da zan fara roƙonka ɗan'uwa shi ne ka ɗan cire hannu daga maus ɗin nan. Kar ka sake danna Start sau goma, kar ka danna Remove, kar ka taɓa Restore ko Delete a wajen snapshot, wato hoton halin VM da ake ajiyewa don a iya komawa gare shi. Yawancin VM da na ga sun tafi gaba ɗaya ba wutar ce ta ƙarasa su ba, gyaran gaggawa ne da aka yi bayan wutar ta dawo, mutum hankalinsa a tashe yana danna duk abin da ya gani. Ita wutar galibi ɗan abu kaɗan take ɓatawa, kuma ana iya gyara shi.

Zan fi tsayawa kan VirtualBox, manhajar da ke gudanar da VM, da aka sa a Windows da Ubuntu a cikin VM ɗin, don shi ne ɗalibai da masu ƙananan ofisoshi suka fi amfani da shi a nan wajenmu, amma zan taɓo VMware da Proxmox, masu irin aikinsa, inda hanya ta bambanta.

Kwafi tukuna

Rufe VirtualBox gaba ɗaya, ka jira kamar minti ɗaya don shi ma VBoxSVC da ke aiki a bayan fage ya fita. Sai ka je inda VM ɗin yake, galibi a cikin foldar sunanka akwai wata mai suna VirtualBox VMs, kowane VM da tasa foldar. Ka kwafe foldar nan dukanta, da fayil ɗin .vbox da .vbox-prev da .vdi (shi ne diskin VM ɗin) da foldar Snapshots da Logs, ka kai wani diski daban. Eh na sani wani .vdi ɗin ya kai gig 80 kuma zai ci lokaci, ka bar shi ya ci. Duk umarnin gyaran da za mu yi a ƙasa rubutu suke yi a kan diski, wasu ma gogewa suke yi, kuma babu komawa baya in ba da wannan kwafin ba. Kar ka buɗe kwafin a VirtualBox, ka ajiye shi kawai, don lambar shaidarsu ta UUID ɗaya ce da na asalin kuma zai yi maka ƙorafi.

Wannan kwafin kansa gwaji ne. Idan yana cikin tafiya ya tsaya da saƙon cyclic redundancy check ko I/O error, toh matsalar ba ta VM ba ce, diskin kwamfutar ne na gaske ya samu rauni. A nan ka dakata da komai, ka duba lafiyar diskin da CrystalDiskInfo, in ya nuna Caution ko Bad ka nemi kwashe shi da ddrescue, manhajar kwafe diski mai rauni, zuwa wani sabo kafin ka ci gaba, don duk minti ɗaya da kake wahalar da diski mai ciwo ƙara masa kake yi.

Me ya sa abin yake faruwa ne? Diskin VM ba ƙarfe ba ne, fayil ne ƙato guda ɗaya. Idan Ubuntu na ciki ya rubuta abu, rubutun sai ya bi ta ma'ajiyar wucin gadi tasa, ya bi ta VirtualBox, wani lokaci ya bi ta ta Windows, sannan ya isa kan diski. Kowane mataki yana iya riƙe rubutun na ɗan lokaci a RAM, kuma RAM da wuta ta ɗauke shi ke nan babu komai. Don haka ɓarnar tana iya kasancewa a ɗayan wuri uku: kwamfutar waje, fayilolin VM ɗin, ko tsarin da ke ciki. Daga waje ake farawa a shiga ciki, kuma saƙon kuskuren da ka gani shi zai gaya maka inda kake.

Idan ko tagar VM ɗin ba ta buɗe ba

Akwai wata da ke ruɗa mutane sosai kuma babu abin da ya lalace a cikinta. Ka danna Start sai ya ce VT-x is disabled in the BIOS, ko ka ga VERR_VMX_MSR_ALL_VMX_DISABLED. Wannan ya fi faruwa da tsofaffin destof na gwanjo, ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo da ke kan madabod, CR2032, ya mutu, toh da wuta ta yanke gaba ɗaya sai BIOS ya manta saitinsa ya koma na kamfani. Alamar ita ce agogon kwamfutar ma ya koma wata shekara can baya. Shiga BIOS ka kunna Intel Virtualization Technology, wato VT-x ɗin da saƙon ya ambata, in AMD ne SVM Mode ko AMD-V, ka gyara agogo, sannan ka sayi batirin ka canza don gobe ma haka za ta yi. Haka kuma idan VM ɗin a diskin waje yake na USB, duba ko Windows ya canza masa harafi, jiya E yau F, sai VirtualBox ya ce bai ga fayil ba alhali yana nan. Disk Management za ka shiga ka mayar masa da harafinsa na da.

Sai wadda ta fi yawa: VM ɗin ya zama Inaccessible, da jan rubutu irin Document is empty ko Premature end of data. Fayil ɗin .vbox ne ya yanke. Shi ƙaramin fayil ne na XML da ke riƙe da bayanin injin, RAM nawa, wane diski, wane snapshot, kuma VirtualBox yana yawan sake rubuta shi, in wuta ta same shi a tsakiya sai ka tarar girmansa sifili ko rabinsa shirme. Abin daɗin shi ne duk sanda zai rubuta sabo yana ajiye na baya da sunan .vbox-prev. Da VirtualBox a rufe, ka canza wa lalataccen suna zuwa wani abu kamar .vbox-lalatacce, ka kwafi .vbox-prev ka cire masa -prev ɗin, ka buɗe. Sau da yawa nan zancen yake ƙarewa. Idan kuma jerin VM ɗin ne gaba ɗaya ya ɓace, wannan VirtualBox.xml ne da ke foldar .VirtualBox, shi ma yana da nasa -prev, ko kuma ka danna kowane .vbox sau biyu ya koma cikin jeri.

Idan ya rubuta Aborted kawai, wannan ba komai ba ne, yana nufin an kashe shi ba shiri. Idan kuma a Saved yake kuma ya ƙi farkawa, fayil ɗin .sav ne ya lalace, sai ka danna Discard. Abin da za ka rasa shi ne abin da ke buɗe a RAM lokacin, diskin yana nan. Amma ka karanta da kyau, Discard Saved State daban, goge snapshot daban.

A VMware Workstation irin wannan matakin shi ne saƙon This virtual machine appears to be in use. Foldoji ne masu ƙarewa da .lck da yake ƙirƙira yayin da VM ke aiki, wuta ta hana shi share su. Ka tabbatar babu wani VMware da ke aiki, ka matsar da su waje, ya tashi. A Proxmox kuwa, in wutar ta same shi yana bakof (backup) ko snapshot zai ce VM is locked, sai ka rubuta qm unlock da lambar VM ɗin, misali:

qm unlock 101

Maganar snapshot, a nan mutane suke asara

Idan .vbox da .vbox-prev duka sun mutu, shawarar da kowa zai ba ka ita ce ka ƙirƙiri sabon VM ka haɗa masa tsohon .vdi. Shawara ce mai kyau in ba ka taɓa ɗaukar snapshot ba. In ka taɓa ɗauka, wallahi ka tsaya ka karanta wannan sau biyu.

Ranar da ka ɗauki snapshot, VirtualBox ya daina rubutu a babban .vdi, ya buɗe sabon fayil a foldar Snapshots mai dogon suna na lambobi, duk abin da ka yi daga ranar can yake shiga. Kamar mai shago ne da ya rufe tsohon littafin bashi ya buɗe sabo, in ka ɗauko tsohon kaɗai lissafin watannin baya za ka gani, in kuma ka yi rubutu a cikinsa ka rikita lissafin sabon da ya dogara da shi. Toh haka ne, mutum zai haɗa babban .vdi a sabon VM, ya tashi lafiya, sai ya ga aikinsa na wata shida babu, ya shiga kuka, alhali aikin yana cikin foldar Snapshots. Mafi muni, tashin da ya yi da babban fayil ɗin ya riga ya canza shi, yanzu na snapshot ba su dace da shi ba. Kaga amfanin kwafin da muka yi a farko.

Abin da za ka yi shi ne ka gano jerin, wane ne uban wane. Buɗe cmd, tagar rubuta umarni ta Windows, a foldar da aka sa VirtualBox, cikin Program Files, Oracle, VirtualBox, sai ka yi wannan a kan kowane fayil:

VBoxManage internalcommands dumphdinfo sunan-fayil.vdi

Zai nuna maka uuidCreation da uuidParent. Wanda babu wani da ke kiransa uba shi ne na ƙarshe, shi ke riƙe da aikinka na jiya. Idan VirtualBox ya san duka jerin, daga babban zuwa na ƙarshe, sai ka haɗe su wuri guda:

VBoxManage clonemedium disk na-karshe.vdi hadadde.vdi

Wannan sabon fayil ɗin cikakke ne, shi za ka haɗa wa sabon VM. In ya ce bai san uban ba, sai ka gabatar masa da su ɗaya bayan ɗaya da showmediuminfo, ka fara daga babban, kana barin tagar VirtualBox a buɗe. Kuma wajen ƙirƙirar sabon VM ka kula da akwatin Enable EFI, in tsohon da EFI aka girka shi ka bar sabon babu, ba zai tashi ba ko da diskin lafiyarsa lau.

Idan kuma kan fayil ɗin diskin ne kansa ya taɓu, ka ga irin VERR_VD_VDI_INVALID_HEADER, akwai abin gyara amma ka fara da gwajin da ba ya rubuta komai:

VBoxManage internalcommands repairhd -dry-run -format VDI diski.vdi

Ka karanta abin da ya ce zai yi, in ya yi ma'ana ka cire -dry-run. Na VMware shi ne vmware-vdiskmanager -R a kan .vmdk ɗin. Na qcow2 a Proxmox ko KVM shi ne qemu-img check, da VM a kashe. In leaked clusters kawai ya nuna maka hankalinka ya kwanta, fili ne ya ɓata ba bayanai ba, -r leaks ya isa. Shi -r all sai an ga ainihin lalacewa, kuma sai da kwafi a gefe.

Taga ta buɗe amma Ubuntu ya maƙale

Yanzu mun shigo ciki. Abin da aka fi gani shi ne baƙin allo da BusyBox da kalmar initramfs tana jiran ka rubuta wani abu. Rubuta exit ka danna Enter, zai gaya maka wane ɓangaren diski ne ke da matsala, da saƙon UNEXPECTED INCONSISTENCY. RUN fsck MANUALLY. Ka kwafi sunan daidai yadda ya rubuta shi. A Ubuntu na tebur zai zama kamar /dev/sda2 ko /dev/sda3, a na saba (server) da aka girka da LVM, wani tsarin raba diski, zai zama /dev/mapper/ubuntu--vg-ubuntu--lv. Sai:

fsck -y /dev/sda2

Ka bar shi ya gama, rubutu zai yi ta gudu a allo, kar ka katse shi. Shi -y yana nufin ka amince da duk gyaran da zai yi, har da cire fayil ɗin da ya kasa ganewa, shi ya sa ba a yinsa sai da kwafi. In ya gama ka rubuta reboot ko exit. Abin da ya tsinto bai san mazauninsa ba yana zuba shi a foldar lost+found da sunayen lambobi, toh in ka nemi wani fayil ka rasa ka leƙa can, umarnin file zai gaya maka kowanne mene ne.

Wani zai ce ai ext4, tsarin fayil na Ubuntu, yana da journal, wato littafin da yake rubuta abin da zai yi kafin ya yi, me ya sa bai gyara kansa ba. Yana gyarawa mana, shi ya sa sau da yawa wuta take ɗaukewa ka kunna ka ga babu abin da ya faru. Amma journal ya dogara ne da cewa in an ce wa diski ajiye wannan yanzu, ya ajiye da gaske kafin na gaba, kuma a cikin VM wannan alƙawarin yana iya karyewa a hanya. Sannan a saitinsa na asali tsarin foldoji da bayanan fayil yake karewa, ba abin da ke cikin fayil ɗin ba, don haka za ka iya samun fayil da sunansa amma ciki fanko.

Doka guda da ba a karyawa: ba a yin fsck a kan ɓangaren da aka riga aka ɗora (mount) ana amfani da shi. In ba ka samu initramfs ba, ka saka ISO na Ubuntu, wato fayil ɗin girka shi, a CD ɗin VM, ka danna F12 yayin tashi ka zaɓi CD, ka shiga Try Ubuntu, ka yi lsblk -f ka ga ɓangarorin. In LVM ne sai ka yi sudo vgchange -ay tukuna su bayyana. In fsck ya ce Bad magic number in super-block, fara tabbatar ba diskin gaba ɗaya ka ba shi ba, wato sda maimakon sda2. In daidai ka ba shi, ext4 yana ajiye kwafin superblock, wato babban bayanin tsarin ɓangaren, a wasu wurare, ga mai bulo na 4K na farko yana 32768, na biyu 98304:

sudo e2fsck -b 32768 /dev/sda2

Masu Rocky Linux da AlmaLinux da CentOS 7 ku kula, naku tsarin fayil ɗin XFS ne, fsck ba ya yi masa komai. Ka fara gwada mount ka sake umount don ya karanta log ɗinsa da kansa, sannan xfs_repair. Za ka ga mutane suna cewa ka sa -L kawai, ni ban yarda da saurin nan ba, -L goge log ɗin yake yi, rubutun ƙarshe da bai sauka ba ya tafi. Sai in mount ya ƙi sam.

Idan grub rescue ka gani, GRUB ne mai tayar da Ubuntu ya samu matsala, daga wannan ISO ɗin na Ubuntu dai za ka gyara. Ka ɗora ɓangaren tushe a /mnt, in akwai /boot daban ka ɗora shi a /mnt/boot, na EFI a /mnt/boot/efi, ka yi mount --bind na /dev da /proc da /sys, ka shiga da chroot /mnt, sai grub-install /dev/sda da update-grub. In kuwa allon UEFI Interactive Shell ya jefa ka mai rubutun rawaya, injin ne ya manta inda zai nemi tsarin, rubuta FS0: ka shiga foldar EFI, ubuntu, ka kira grubx64.efi, in ya tashi ka yi sudo grub-install daga ciki ya zauna. Wanda kuma wuta ta same shi yana tsaka da apt upgrade, ka zaɓi tsohon kernel a Advanced options na GRUB, in ka shiga ka yi sudo dpkg --configure -a sannan sudo apt -f install.

Windows a ciki ba zan ja shi ba. In yana ta zagaye a Preparing Automatic Repair, saka ISO na Windows, Repair your computer, Troubleshoot, Command Prompt. A nan harafin diskin yakan canza, ka yi dir C: da dir D: ka ga inda foldar Windows take, sai chkdsk /f a kan wannan harafin. In bayan haka yana kukan BCD, bootrec /rebuildbcd ko bcdboot ne maganin.

Idan duk ya ƙi, ka daina neman ya tashi, ka nemi kayanka. Ka haɗa diskin a matsayin na biyu a wani VM mai lafiya, ka ɗora shi da mount -o ro, ka kwashe /home da /etc da /var/www da duk abin da ke da muhimmanci. Girka sabon Ubuntu bai kai awa ɗaya ba. TestDisk yana dawo da teburin ɓangarori in ya ɓace, PhotoRec yana tsinto fayiloli amma ba da sunayensu ba.

Ya tashi, amma ba a gama ba

In akwai MySQL ko MariaDB a ciki, kar ka ɗauka tunda allon shiga ya fito komai daidai ne. Duba systemctl --failed, duba log ɗin database. InnoDB, injin ajiyar bayanansu, yakan gyara kansa, in ya ƙi tashi akwai innodb_force_recovery daga 1 zuwa 6, ka fara da 1 kana hawa a hankali, da ya tashi ka yi mysqldump nan take ka zuba a sabo. Daga 4 zuwa sama yana iya lalata bayanai har abada, kar ka fara daga can don wani ya rubuta haka a intanet.

Sai hana na gaba, tunda wuta dai za ta sake ɗaukewa. A Settings, Storage, ka danna kan Controller ka tabbatar Use Host I/O Cache babu alama. Littafin VirtualBox ya faɗa cewa a al'ada yana yin biris da buƙatar flush, wato a sauke rubutu kan diski yanzu, da tsarin ciki ke aikowa saboda sauri, kuma ya ba da yadda ake hana hakan, ga na diskin SATA na farko:

VBoxManage setextradata "sunan VM" "VBoxInternal/Devices/ahci/0/LUN#0/Config/IgnoreFlush" 0

Zai ɗan rage gudu, amma ga mai zama inda wuta ba ta da tabbas ni a ganina ya cancanta. A Proxmox ka bar cache ɗin diski a No cache na asali, kar ka kusanci unsafe.

UPS kuma ba don ka ci gaba da aiki ba ne, don ya riƙe ka tsakanin ɗaukewar wutar gari da tashin janareta, ko ya ba ka mintunan kashewa cikin tsari. Ka nemi mai kebul na USB don kwamfutar ta san batir ya kusa ƙarewa, manhajojin kula da UPS irin apcupsd ko NUT za su iya kiran wannan su kashe VM ɗin kafin ita kwamfutar wajen ta mutu:

VBoxManage controlvm "sunan VM" acpipowerbutton

Ka gwada batirin UPS ɗin lokaci zuwa lokaci ta hanyar zare filogi da VM a kashe, don zafin garuruwanmu yana cin batir da wuri. In laftof kake amfani da shi kuma batirinsa ya mutu sai a jikin caja, daidai yake da destof marar UPS. Snapshot kuwa ba bakof ba ne tunda a diski ɗaya suke zaune da asalin, ka riƙa kashe VM ɗin ko da sau ɗaya a sati kana kwafe foldarsa zuwa diskin waje, ko Export Appliance, ko vzdump in Proxmox ne, sannan ka zare diskin daga jikin kwamfutar ka ajiye shi daban.